Rigar Arba'in da Waƙar da Na Ji a Bosso

Hassana da Usaini, wannan babin na shekarar da aka haife ku ne. Yanzu da mahaifiyarku ta rasu za ku koma hannun dangin mahaifinku, kuma na san abin da za ku ji a can. Za a ce muku kakarku ce ta kashe auren uwarku, don ta je Bosso ta ji 'yan makaranta suna waƙa. Ba zan ce ƙarya ce zalla ba. Na je Bosso, na kuma ji waƙa. Amma akwai abin da masu faɗin ba su gani ba, shi nake so in ajiye muku, ku karanta sa'ad da hankalinku ya kai.

Mahaifiyarku ita ce 'yar farina. Ku 'yan yanzu ba lalle ku san abin da wannan ke nufi ba. A yadda aka rene mu, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, in ya faɗi sai wata ta ɗaga shi. Uwata ce ta riƙe ta har ta shiga makaranta, ta taso tana ce mini Yaya kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗi. A unguwarmu ta Tunga ma Maman Sani ake ce mini, da sunan ƙanenta. In zan yi zancenta sai in ce 'yar nan. Ba ƙi ba ne. So ne da ake rufewa, kamar garwashin da aka lulluɓe da toka don ya kai safe. Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Ina kallonta ta gefen ido, na san tafiyarta, na san tarinta. Yarinya ce mai jiki, irin dangin kakanku, mai son dambu da man gyaɗa, wadda in ta yi dariya a tsakar gida ana ji daga bakin titi.

Ita ta zaɓi mahaifinku da kanta, ba wanda ya matsa mata. Ma'aikacin ofis ne, mai tsafta, mai salla a kan lokaci. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Ɗakin ajiyar gidansa bai taɓa rabuwa da shinkafa da mai ba. Ina faɗin wannan don adalci, domin mahaifinku ne, yana da rai, kuma haƙƙinsa yana kanku har abada. Abin da na gani shi ne, bayan aure 'yar nan ta fara raguwa. Wuyanta ya fito, awarwaronta yana zamewa har gwiwar hannu. Zuwanta gida ya yi wuya, in ta zo kuma ba ta daɗewa. Dariyar ma ta koma murmushi. Mata suna ce mini aure ya karɓe ta, ta zama 'yar gayu. Ni kuwa ba bakin tambaya.

Da ta haife ku aka kawo ta gida wankan jego, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Kakanku Malam, Allah ya jiƙansa, ya bar aikin katakonsa ya tafi Kasuwar Kure da kansa, ya dawo da ƙafafun saniya da kanwa da kayan yaji, yana cewa mai shayar da biyu sai ta ci na uku. Ƙanwata ce ke mata wanka. Ni nawa girki ne. In dama kunun kanwa, in gasa nama in barbaɗa yaji, in ajiye a ƙofar ɗakinta in juya. Kwanuka suna dawowa wayam, ina ta godiya ga Allah a raina. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kukanku. Kuna kama nono ku saki, ku sake kamawa ku saki, kuna kuka har muryarku ta dushe.

Maƙwabciyarmu Maman Joy ce ta buɗe mini ido. Mutuniyar kudancin Kaduna ce, mijinta ma'aikacin asibiti, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta shigo ina wanke tanda, ta tsaya a kaina.

"Maman Sani, na zo godiya. Yarana sun yi kumatu."

"Godiyar me?"

"Naman jego mana. Kullum ta katanga yake zuwa. Har babansu ya ce ko ni ne na haihu ban gaya masa ba." Sai ta rage murya. "Wannan yarinya ba ya cin abinci fa. Ki buɗe ido. Kunya ba zai ba jarirai nono ba."

Daga ranar na fara kasa kunne. A shekarun ne wayar hannu ta fara shiga gidaje, mahaifinku ya saya mata guda, ita kaɗai ce a layinmu. Na lura tana yin ƙara ne daidai bayan an sauke kwano. Ta bango nake jin muryarta ƙasa-ƙasa.

"A'a, cokali biyu ne kawai. Wallahi ban sha kunun ba. To. To, na ji."

Ana saura kwanaki a yi arba'in sai aka aiko daga gidan mahaifinku da kayan da za ta sa ranar komawa. Leshi ne mai kyau, ruwan zuma. Maman Joy ta ɗaga rigar sama, ta juya ta gaba da baya.

"Wannan na wace 'yar tsana ne?"

Ba wanda ya yi dariya. Matar da ta kawo kayan ta ce ai maigidan da kansa ya kai wa tela awo, awon da aka yi mata tun kafin ciki, kuma ya ce a gaya mata wannan za ta sa ranar, ta san abin da ya dace ta yi. 'Yar nan ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode.

Na kai maganar gun Malam bayan ya ci abinci. Ya juya carbinsa, ya tambaye ni.

"Ya doke ta?"

Na ce a'a.

"Ya hana ta ci da sha a gidansa? Ba buhu a ɗaki?"

Na ce akwai.

"To me zan je in ce wa iyayensa? In ce ɗanku ya ɗinka wa matarsa ƙaramar riga? Mutum yana son matarsa siririya, wannan tsakaninsu ne. Ke ma ki cire bakinki, 'yar fari ce. Kada a ji kanmu."

Ni ma ban san sunan abin ba. Na san duka, na san zagi, na san horon yunwa inda miji ke kulle rumbu. Wannan kuwa ba ko ɗaya a ciki. Abin da ba shi da suna, ta ina za ka kama shi?

A cikin makon ne 'yar Maman Joy da ke karatu a jami'a ta kawo mini ciniki. Ɗalibai za su yi taro ranar Asabar da rana, suna son masa. Na soya, na zuba a kuloli, muka shiga motar haya zuwa Bosso, inda jami'ar take. Ba taron na je ba, kulolina nake jira. Na sami benci can baya kusa da ƙofa na zauna. Yara suna ta hawa dandamalin katako suna sauka, suna karanta abubuwa da Turanci, ana tafi. Har gyangyaɗi ya fara ɗaukata.

Sai wata yarinya ta hau. Doguwa ce, kakkaura, ta cika wurin da ta tsaya. Ba takarda a hannunta. Wasu samari daga gefe suka yi fito, wani ya ce a riƙe katakon kada ya karye. Ba ta dube su ba. Ta jira har suka gaji, sannan ta ce da Hausa za ta yi tata, wanda bai ji ba ya tambayi maƙwabcinsa. Ba ta rera ba, ba kiɗa, faɗa kawai take yi a hankali, kamar mai ba da shaida.

Ya ce yana so na, in dai zan ragu kaɗan.
Na rage tuwo, ya ce da saura.
Na rage dariya, ya ce da saura.
Na rage zuwa gidanmu, ya ce da saura.
Ranar da na duba madubi ban ga kowa ba,
Ya tsaya a bayana, ya ce da saura.

Jikokina, ni ba mai zurfin karatu ba ce. Waƙar da na sani ita ce ta yabon Manzon Allah, da ta wa'azi da muke yi a Islamiyya, da ta mata ranar biki. Ban taɓa sanin ana iya ɗaukar abin da ke faruwa a bayan labule, abin da mace ba ta gaya wa ko uwarta, a jera shi baiti-baiti a tsayar da shi a tsakiyar jama'a da rana tsaka ba. Abin da na kwana ina juyawa na kasa fahimtar da Malam, ga shi yarinyar da ban taɓa gani ba ta faɗe shi cikin numfashi shida, ba ƙari ba ragi. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Kafin ta kai tsakiya 'yan matan da ke wurin sun karɓi amshi, ba wanda ya ce su yi. In ta kai ƙarshen layi sai ka ji ɗakin gaba ɗaya, can ƙasa, ya ce da saura. Masu hijabi da masu kitso a buɗe, murya ɗaya. Na dube su na ce a raina, ashe duk waɗannan sun sani. Samarin da suka yi fito sun sunkuyar da kai.

Waƙar tana da tsawo, ban riƙe duka ba. Ta yi maganar cokali, ta yi maganar yadda mace ke koyon tauna a ɓoye. Amma ƙarshenta ya zauna mini daram, har yau ban rasa kalma ɗaya ba.

Uwata ta ɗauke ni wata tara, ba ta auna ni ba.
Ta goya ni har yaye, ba ta auna ni ba.
Ƙasa na ɗauke da ni da duwatsu, ba ta auna mu ba.
Kai da ba ka taɓa ɗaukata ba, wa ya ba ka ma'auni?

Ta sauka. An ɗan jima kafin a tuna da tafi. Ni kuwa ina zaune, hannuna a kan cikina, ban san lokacin da na kai shi wurin ba. A cikin waƙar an ambaci uwa, kuma an ambace ta a matsayin wadda 'ya za ta jingina da ita ta yi tambaya. Na ji kamar sunana aka kira a cikin taro.

Da aka tashi na same ta a waje, tana cin masata a tsaye, tana lasar yatsa. Na ja mayafina na matsa.

"'Yata, wa ya ba ki labarin gidanmu?"

Ta dube ni da mamaki. "Mama, ban san gidanku ba."

"To wa kike nufi?"

"Yayata."

"Tana ina yanzu?"

Ta ajiye masar a kan takarda. "Tana gidansa, Mama. Ta ce mu daina zuwa, muna sa ta ci." Sai ta yi ɗan murmushi. "Ke kika soya wannan? Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Ban tambayi sunanta ba. Ban sake ganinta ba. Na sa an bincika mini daga baya, aka ce ta gama ta tafi, wasu suka ce Banufiya ce, wasu suka ce daga Kontagora take. Nakan yi tunanin yadda Allah ya kai ni Bosso don jiran kuloli, ya kuma sa maganar da nake bukata a bakin 'yar wasu.

Ranar arba'in dangin mahaifinku suka zo ɗaukarta, gwaggonsa ce a gaba. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo fura. Mota tana jira a waje. Aka yi ta jiran mai jego ta fito, shiru. Ƙanwata ta leƙa ta dawo, ta raɗa mini cewa rigar ta ƙi shiga. A al'ada ba ni ce mai shiga ɗakin nan ba. Na miƙe. Na ji idon matan a bayana har na ɗaga labule.

Tana tsaye a tsakiyar ɗaki. Ta naɗe cikinta da zani ta ɗaure tamau, har numfashinta yana fita guntu-guntu. Rigar ta maƙale a ƙirjinta, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, nono ya jiƙa leshin. Ku kuna kan gado kuna kuka. Duk ramar da ta yi, jikin da ya haifi biyu ya ƙi komawa awon budurwa. Tana ja, tana cewa a hankali, saura kaɗan, saura kaɗan.

"Rakiya."

Ta daina ja. Tun da na haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Ni ma da na ji shi ya fito sai na ji kamar wani ne ya yi magana. Ta juyo da rigar a wuya.

"Yaya, yanzu zan fito. Ki ce su yi haƙuri."

Na ce ta tsaya. Na kama rigar na zare ta ta kai, na kwance zanin. Ya bar mata shaida ja a fata. Ban iya lallashi ba, ban taɓa yi mata ba. Abin da nake da shi kawai na ba ta. Na faɗa mata waƙar da na ji a taron ɗalibai a Bosso, tun daga farko, iya abin da na riƙe, da muryata ta mai soya masa. Da na kai wurin madubi sai ta zauna a bakin gado. Da na kai wurin uwa na tsaya, na sake ɗauka har na ƙare.

"Wa ya gaya musu?" in ji ta.

"Ba wanda ya gaya musu. Ni ma na tambaya." Na zauna kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. "Ki ji ni. In kin ce za ki koma, zan samo miki wata rigar in raka ki har mota, ba zan hana ki ba. In kin ce za ki zauna, ɗakin nan naki ne, maganar mutane kuma ni zan ɗauka. Amma ki faɗa mini abin da ke ranki, ba abin da za ki faɗa a waya ba."

Ta kalle ku. Sannan ta buɗe baki, da wata ƙaramar murya irin ta yarinya.

"Inna, yunwa nake ji."

Na fita na wuce ta gaban baƙi, na ɗauko tukunyar farfesun da aka yi dominsu, na koma da ita ɗaki. Ta ci da hannu biyu, tana ci tana kuka, romo yana bin gwiwar hannunta. Wayar ta yi ƙara a kan matashi. Ta dube ta, ta ci gaba da ci.

Gwaggon mahaifinku ta tare ni a tsakar gida.

"Maman Sani, lafiya? Rana tana yi."

"Hajiya, ku yi haƙuri. Yau ba za ta bi ku ba. Ba ta da ƙarfi."

"Ikon Allah. Yau na ga uwar da ke shiga zancen 'yar fari. Kunya ta ƙare a duniya."

"Ta ƙare, Hajiya. Ku gaida gida."

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan rage muku shi ba. Malam ya yi watanni ba ya mini magana sai ta dole, domin na sa ya ji kunya a gaban surukansa. 'Yan'uwana sun daina sa ni a gaba a sha'anin aure, ana cewa bakina ba shi da albarka a gidan miji. An yi zaman sulhu ba sau ɗaya ba. A zama na ƙarshe Rakiya ta ce za ta koma in zai bar ta ta ci abin da ta ga dama, ta zo gida sa'ad da ta so. Mahaifinku ya ce shi bai taɓa hana ta komai ba, gyara ta yake yi don yana son ta. Na gaskata cewa har zuciyarsa haka ya ɗauka. A kan wannan suka rabu. Ya bar ku a hannunta, ya ɗauki nauyin karatunku, bai taɓa fashi ba. Amma kun tashi ba uba a cikin gida, kuna ganinsa ranar Salla da hutu. Wannan rashin ku kuka ɗauke shi, ba ni ba, ba ita ba. In kun girma kun ga cewa ban kyauta muku ba, ina neman gafararku. Sai dai ku sani ba ni na yanke ba, kuma ba waƙa ce ta yanke ba. Waƙa ta ba ni bakin tambaya ne, uwarku ta ba da amsa.

Bayan ranar arba'in ɗin, nono ya dawo cikin mako. Kun yi ɓul-ɓul har Maman Joy tana cewa a mayar mata da naman yaranta. Rakiya ta karɓi tandar masa daga hannuna, ta buɗe rumfa a bakin titi, jikinta ya dawo har ya wuce na da. Wata rana Malam yana aiki a zaure sai dariyarta ta taso daga cikin gida. Ya ajiye zarto, ya saurara har ta ƙare. Da ya shigo ya ce mini, "Ashe na manta da wannan." Daga ranar ya koma yi mini magana. Sauran kun san shi da kanku. Kun san cinyar da kuka yi barci a kai, kun san yadda take cika ƙofa in ta tsaya tana kiranku.

Ciwon da ya ɗauke ta bana bai ba ta kwanaki da yawa ba, bai samu ya ramar da ita ba. Da maza suka dawo daga maƙabarta, masu gaisuwa suka yi ta shigowa suna faɗa mini abin da ake faɗa wa uwa don ta ji sanyi. Wai makarar ba nauyi, kamar iska ke tafiya da ita, alamar mutumin kirki ke nan. Na amsa musu da amin. Da gida ya yi sauƙi na kira kawunku Sani, wanda ya ɗauki gaban makarar tun daga ƙofar gida. Na ce ya zauna.

"Gaya mini gaskiya. Yaya ka ji ta?"

Ya sunkuyar da kai, yana murza kafaɗarsa.

"Inna, wallahi ta yi nauyi. Sau uku muna canja hannu."

Na ce alhamdu lillahi.

Allah ya sa ƙasar da ta karɓe ta ta yalwata mata, ya raya ku ku yi mata addu'a da sunanta.